Masu wankin ƙoda: a auna kunne tun kafin ji ya tafi

A gidan rediyonmu na karkara muna da shirin gaishe-gaishe da muke yi bayan sallar isha'i, kuma duk wanda ya taɓa aiki a irin wannan rediyo ya san akwai masu sauraron da muryarsu ta zama tamkar ta ƴan gida. Cikinsu akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda kusan kullum sai ya bugo ya gai da abokansa na tasha ɗaya bayan ɗaya. Da ciwon ƙoda ya kama shi aka fara kai shi birni wankin ƙoda, bai daina kira ba, har daga kan gadon asibiti ya taɓa bugowa. Sai dai a hankali muka lura da wani abu. Mu tambaye shi jiki, ya ba mu amsar wata tambaya daban. Mu roƙe shi ya rage ƙarar rediyonsa don tana dawo mana cikin waya, ya ce ai ƙasa-ƙasa take. Daga baya kiran ya ɗauke ɗif.

Da muka je duba shi, babban ɗansa ya ja mu gefe ya ce Baba ya canza hali, ba ya zuwa fada, ba ya son taro, in an yi masa magana sai ya yi shiru ko ya yi fushi, har iyali sun fara zaton ciwon ya taɓa masa kai. Muka zauna gabansa a tsakar gida, inda yake ganin bakinmu, muka yi magana a hankali. Sai ga hira ta ɓarke kamar da. Hankalinsa garau yake, kunne ne ya yi nauyi. Ya faɗa mana cewa ya yi watanni yana jin wata ƙara kamar kukan gyare cikin kunnuwansa, kuma yana jin muryar mutane amma ba ya rarrabe kalmomin. Bai gaya wa kowa ba, domin a ganinsa ƴaƴansa sun riga sun gaji da kuɗin mota da na magani, bai kamata ya ƙara musu wani kaya ba.

Wannan ne ya sa muka shiga bin diddigin lamarin, kuma abin da muka tarar ya dace kowane gida mai majiyyacin ƙoda ya sani: nauyin kunne abu ne da ke yawan samun masu ciwon ƙoda, yana shigowa ba sallama, kuma wani kaso nasa ana iya tare shi idan an auna kunnen da wuri.

Me ya haɗa ƙoda da kunne?

Mai karatu zai iya cewa ina ƙoda ina kunne, wannan na ƙugu wancan na kai. Likitoci sun daɗe da gano dangantakar. Tun a shekarar 1927 wani likita mai suna Cecil Alport ya yi bayanin wani iyali a Ingila da ciwon ƙoda ke bin zuri'arsu, kuma da yawa daga cikin masu ciwon suna kurumcewa, musamman maza. Har yau ana kiran wannan cutar ta gado da sunansa. Yaron da ke da ita yakan fara da jini a fitsari tun yana ƙarami, jinsa ya fara raguwa wajen shekarun balaga, ƙodar kuma ta gaza yana saurayi.

To amma ba sai mai cutar gado ba. Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, waɗanda ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiyar ji. Ruwan da suke aiki cikinsa sai an daidaita gishirinsa daidai wa daida, musamman sinadarin potasiyom, kuma hanyar da bangon katantanwar ke bi wajen wannan daidaitawa irin wadda ƙoda ke bi ce wajen tace jini. Saboda haka abin da ya cuci ɗaya, sau da yawa ba ya barin ɗayan. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, suna lalata ƙananan jijiyoyin jini, kuma ƴar siririyar jijiya guda ce ke ciyar da katantanwar. Dattin da ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza yana taɓa jijiyar ji, ƙarancin jini ma na ƙara nasa. Babban abin lura shi ne, waɗannan ƙwayoyi masu gashi in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Ostireliya, aka wallafa a 2010, ya auna jin dattawa 2,564. A cikin waɗanda ƙodarsu ta yi rauni matsakaici, kashi 54 cikin ɗari an same su da raunin ji, alhali a cikin masu lafiyayyar ƙoda kashi 28 ne. Waɗannan ma ba su kai ga wanki ba tukuna.

Shin injin wankin ne da kansa ke taɓa kunne? A nan sakamakon masu bincike ya bambanta: wasu sun ga jin ya ragu bayan shekaru ana wanki, wasu sun ga bai canza ba. Abin da likitoci ke kaffa-kaffa da shi shi ne faɗuwar awon jini a tsakiyar wanki, lokacin da aka janye ruwa mai yawa cikin ƙanƙanen lokaci, domin a sa'annan jini na raguwa zuwa kunne. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce zai bar wanki don tsoron kurumta. Barin wanki halaka ne. Wanda ke zuwa a kan kari, ba ya tara ruwa da yawa tsakanin zama da zama, shi ne ma ya fi kare kunnensa.

Maganin da ke ceton rai, ya taɓa kunne

Inda aka fi samun ɓarnar da za a iya kauce mata shi ne wajen magani. Mai wankin ƙoda, musamman wanda ake yi wa ta robar da aka sa a wuya ko a cinya, yana yawan kamuwa da ƙwayoyin cuta a jini, kuma wannan ciwo ne mai kisa da ke buƙatar allura mai ƙarfi. Daga cikin alluran da aka fi samu a asibitocinmu, saboda araha da ƙarfi, akwai jantamisin da amikasin, ƴan gida ɗaya da sitireftomisin da kanamisin. Duk ƴan wannan gida ƙoda ce ke fitar da su daga jiki. A jikin mai lafiya, rabin jantamisin na fita cikin awa 2 zuwa 3. A jikin wanda ƙodarsa ta tsaya, yana iya ɗaukar kwana biyu ko fiye. In aka yi masa allurar safe da yamma kamar kowa, maganin sai ya taru, ya shiga katantanwa ya kashe ƙwayoyin ji, kuma ɓarnar na iya ci gaba makonni bayan an daina allurar. Jantamisin yana kuma taɓa sashen kunne mai riƙe daidaiton jiki, mutum ya riƙa jin jiri, ya kasa tafiya cikin duhu ba tare da dafa bango ba. Shi ya sa likitan ƙoda yakan rage adadin, ya ba da shi bayan an gama wanki, ya kuma taƙaita kwanakin.

Akwai kuma furosemid, wanda muka fi sani da Lasilix, maganin sa fitsari. Yana aiki ne ta hanyar toshe wata ƙofar gishiri a ƙoda, kuma irin wannan ƙofa akwai ta a kunne. In aka ɗura mai yawa da sauri ta jijiya, mutum na iya jin kunnensa ya toshe. Galibi jin kan dawo, amma in aka haɗa shi da jantamisin haɗarin na ƙaruwa sosai. Sai kinin, wanda duk wanda ya sha shi don zazzaɓin cizon sauro ya san yadda yake sa kunne ƙara. Asfirin mai yawa ma haka yake yi.

Ba muna cewa a guji waɗannan magunguna ba ne, domin wani lokacin su ne tsakanin mutum da kabari. Matsalar ita ce majiyyacin da ya koma ƙauye tsakanin wanki da wanki, zazzaɓi ya kama shi, aka kira mai allura na unguwa ko aka saya wajen masu yawo da magani a tire, ba wanda ya tambaya ko ƙodarsa na aiki. Wani ƙarin bayani da ya kamata a kai wa likita: idan a dangin uwa akwai wanda ya kurumce bayan an yi masa allura, a faɗa. Akwai wani gado da ke bi ta wajen uwa kawai, wanda ke sa ko allura ɗaya ta irin wannan gida ta ɗauke wa mutum ji.

Sau uku ko sha uku?

Abin da ya sa ba a ganewa da wuri shi ne, ji ba ya tafiya gaba ɗaya. Yana farawa ne daga sirarran sautuka, irin na kukan tsuntsu, ƙarar salula da muryar ƙananan yara. Masu awo suna auna kaurin sauti ko sirantakarsa da ma'aunin haz. Maganar yau da kullum tana tsakanin haz 500 zuwa 4,000, amma ɓarnar magani takan fara can sama da 8,000, inda mutum ba ya lura, sannan ta riƙa gangarowa. Kafin mutum ya ce ba ya ji, ta riga ta shigo tsakiyar magana.

A Hausa, wasula da karin murya suna cikin kaurarar sauti, su ne ke saura. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f suna cikin sirara, su ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa dattijon nan yake jin ana magana amma ba ya gane me aka ce. A hira wannan abin dariya ne. A asibiti kuwa ba wasa ba ne, domin tsakanin "sau uku" da "sha uku" bambancin ƙanƙane ne, kuma harafin farkon irin wanda ke ɓacewa ne. Rayuwar mai wankin ƙoda duk a kan umurni take: ga iyakar ruwan da za ka sha, ka rage gishiri da kanwa, ka yi hankali da dabino da ayaba saboda potasiyom, ka dawo ranar kaza da ƙarfe kaza, kada a yi maka awon jini ko allura a hannun da aka haɗa maka jijiya. Ana faɗar waɗannan a ɗaki mai ƙugin injuna, sau da yawa malamin asibiti na sanye da takunkumi, ba a ganin bakinsa. Mutumin kirki, don kunya, sai ya gyaɗa kai ya ce to. Daga baya a ce ba ya jin magana, alhali da gaske ne bai ji ba. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma ba inda wannan karin magana ya fi zama daidai kamar ɗakin wankin ƙoda.

Darasin masu tarin fuka

Wani zai ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. Gaskiya ne ma'aikata sun yi ƙaranci: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar kan ji a watan Maris na 2021 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe matalauta ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. Amma a nan Nijar an riga an gwada, kuma an ga amfani, sai dai a wani fanni daban.

A shekarun baya, masu tarin fuka mai gardamar magani ana yi musu allurar kanamisin ta watanni, kuma wasu sun warke daga tarin amma sun rasa ji har abada. Shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, tare da ƙungiyar Damien ta ƙasar Beljiyam, ya shiga auna kunnen majiyyata a kai a kai. Da zarar awo ya nuna ji ya fara motsi, sai a dakatar da allurar a maye gurbinta da ƙwayar linezolid. An wallafa sakamakon majiyyata 195 da suka fara magani daga 2016 zuwa watan Yuni na 2019. A 2016, lokacin da ake awon duk wata biyu, mutum biyu sun samu mummunan raunin ji duk da an canza musu magani. Daga 2017, da aka koma awo kowane wata, ba a sake samun ko mutum ɗaya da ya kai wannan matsayi ba. A 2018 OMS ta cire kanamisin daga jerin magungunan wannan tari, kuma yau galibi maganin haɗiya ake bayarwa. Amma darasin na nan: tazarar wata ɗaya kawai a lokacin awo ta raba mai ji da kurma.

Mai wankin ƙoda ma ya fi mai tari sauƙin samu. Yana zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, yana kwance wajen awa 4 a kowane zama. Cibiyoyin wankin kuma ba su da yawa, kuma a manyan asibitoci suke, kamar na Lamorde a Yamai, wanda yanzu ake kira Amiru Bubakar Diallo, da babban asibitin ƙasa na Damagaram. Mutanen da ake son aunawa suna taruwa wuri guda da ƙafarsu, ba sai an bi su gida-gida ba.

Yadda ake awon

Awon ba ya da zafi, ba a ɗibar jini. Da farko ana leƙa kunnen da ƴar fitila, domin wani lokacin dattin kunne ne kawai ya toshe, a cire shi mutum ya ji garau. Sannan a sa wa mutum abin ji a kunnuwa a ɗaki marar hayaniya, a riƙa sako sauti kala-kala, mai kauri da siriri, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji. Ana rubuta mafi ƙanƙantar ƙarar da ya iya ji da ma'aunin desibel. A ma'aunin OMS, ƙasa da desibel 20 ji ne lafiyayye, wanda kuma ya haura 35 a kunnensa mafi kyau ya shiga matsayin da ke hana hulɗa. Inda na'urar ke kaiwa sama da haz 8,000, an fi saurin kama ɓarnar magani. Akwai kuma wata ƴar na'ura da ake sa bakinta cikin kunne, ta aika sauti ta saurari amsar ƙwayoyin ji da kanta cikin ƴan mintoci. Irinta ce ake gwada jarirai da ita, kuma ta dace da majiyyacin da ya galabaita.

Awo mafi muhimmanci shi ne na farko, wanda ake yi lokacin da mutum ya fara wanki. A yankinmu abubuwan da ke taɓa kunne suna da yawa: sanƙarau, ƙyanda, ciwon kunne na yarinta, ƙarar injin niƙa ko ta babbar mota, da tsufa. In babu takardar farko, ba yadda za a san abin da mutum ya zo da shi da abin da ya samu daga baya. Bayan wannan sai a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, sannan duk sanda aka sa majiyyaci kan allura irin ta gidan jantamisin, a auna kafin a fara, da lokacin da ake yi, da kuma bayan an gama.

Abin da iyali za su iya yi

Kafin a kai ga na'ura, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A tsaya bayan majiyyaci, nisan tsawon hannu, inda ba ya ganin baki. A toshe masa kunne ɗaya da yatsa ana ɗan murzawa, mai gwajin ya fitar da numfashinsa duka, sannan ya raɗa lambobi uku. In bai maimaita daidai ba, a sake da wasu ukun. Wanda ya kasa kawo uku cikin shida yana buƙatar ganin likitan kunne. Sai a koma ɗaya kunnen. Wannan gwaji ba ya kama ɓarnar farko-farko, amma ya fi zaman jira.

A kuma sa ido kan alamu: ƙara ko shuu a kunne, jin kamar kunne ya cika da ruwa, yawan cewa "na'am?", ƙure rediyo, kasa jin waya, jiri, da janyewa daga mutane. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu, musamman yana tsakiyar shan wani sabon magani, ya faɗa wa malaman wanki a ranar, kada ya jira ta yi tsanani. Idan kuwa mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, domin maganinsa ya fi aiki cikin mako biyu na farko. Kada a tsaya ɗiga mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza.

Majiyyaci ya riƙa yawo da karnensa na asibiti, duk inda za a ba shi magani ya fara da cewa shi mai wankin ƙoda ne. Wanda jinsa ya riga ya ragu, a yi masa magana fuska da fuska, cikin haske, a hankali, ba da ihu ba, domin ihu na ƙara dagula kalmomi. Umurnin likita kuma a sa ya maimaita da bakinsa, ko a rubuta masa da boko ko ajami, ko a tabbatar ɗan rakiya ya ji. Na'urar ƙara ji tana taimakon da yawa daga cikinsu, kuma an fi sabawa da ita in an fara da wuri.

Muna kira ga hukumomin lafiya da shugabannin asibitoci da su sa awon kunne cikin jerin gwaje-gwajen da ake yi wa duk wanda zai fara wanki, kamar yadda ake gwada jininsa, su kuma nemi shawarar ma'aikatan shirin tarin fuka da suka riga suka ƙware a kai. Ranar ji ta duniya 3 ga Maris ce, ranar ƙoda ta duniya kuma Alhamis ta biyu a wannan watan. Tunda kwanaki kaɗan ne tsakaninsu, mu ƴan rediyo da ƙungiyoyin majiyyata muna iya haɗa su cikin faɗakarwa guda.

Shi kuwa dattijonmu, an kai shi awo. An ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma likitansa ya sake duba magungunansa don a tsare abin da ya rage. Yanzu ɗansa ne ke bugo mana, ya riƙe masa wayar, shi kuma ya jero sunayen abokansa na tasha kamar yadda ya saba. Ba ya jin amsarmu sosai, sai an maimaita masa. Allah ya ba shi lafiya, da sauran majiyyata baki ɗaya, amin.